Uwar Amarya Tana Waje

Na yi shekaru ina ɗaga wata tsohuwar Baturiya a garin Summerfield na Amurka, kuma har yau bayana bai yafe mini ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita. In yi mata wanka, in sauya mata kaya, in ba ta abinci a baki, in ɗora ta kan keken guragu in tura ta bakin taga ta kalli dawakin maƙwabta. Kullum da sassafe nake tasowa daga gidanmu a gabashin Greensboro, cikin wata mota da sai an lallashe ta take tashi. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, takarduna ba su fito ba, saboda haka ba ni da bakin zaɓen aiki.

'Yar tsohuwar ce ta ɗauke ni. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Sista, don haka suke kiran juna a cocinsu. 'Yan Momon ne, wata ɗarika ta Kirista, gidan kaf. Kafin in shiga cikinsu ban san komai a kansu ba, sai samarin nan nasu masu yawo bibbiyu da farar riga, waɗanda in na hango su ta taga nake yin kamar ba na gida.

Gaskiya ɗaya ce, mutanen sun san zaman duniya. Ba giya a gidan, ba taba, ba ashar. A ɗakin ƙasa sun jibge alkama da shinkafa da wake cikin gwangwanaye, abincin shekara guda, wai manyansu ne suka ce kowane gida ya yi tanadi. Ran da na fara gani na koma na ce wa maigidana, waɗannan fa Hausawa ne suka ɓata, ga rumbu nan na gani da idona. Shekarar da ƙanƙara ta karya itatuwan garin, wani reshe ya faɗo ya tare mana ƙofa, mazan cocinsu ne suka zo da zarto suka sare shi. Ko ruwa ba su sha mana ba, ba su kuma yi mana wa'azi ba. Sai dai fa ba sa shan kofi, ba sa shan shayi. Shayi! Ni da aka yaye ni da shi. A jakata nake ɓoye ganyena, in tsohuwa ta yi barcin rana in fita barandar baya in sha abina.

Ina nan zaune wata rana sai ga Madam ta fito da kofi ba komai ciki a hannu, ta miƙo mini, ta ce, "Sista, zuba mini."

Na ɗauka gwada ni take yi. Na ce, "Haba Madam, ai ku haram ne a gare ku."

Ta ce, "Zuba dai."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa. Ba daɗinsa take ji ba, kowa ya gan ta ya sani. Ranar ce ta gaya mini abin da ko mijinta bai gama sani ba, wato imaninta ya tafi. Akwai Lahadi ɗaya a kowane wata da suke yin azumi, sannan duk wanda ya ga dama ya miƙe a coci ya ce ya sani addinin nan gaskiya ne. Ba "ina zato" ake cewa ba, "na sani" ake cewa. Ta ce tun tana ƙarama take miƙewa ta faɗa, har wata Lahadi ta miƙe maganar ta ƙi fitowa. An taɓa ba ta aikin koyar da mata tarihin addinin, sai ta yi karatu ya wuce inda aka ce ta tsaya, ta ci karo da abubuwan da ba a taɓa gaya mata ba. Ta dube ni da kunya ta ce, har ta zama budurwa ba a barin baƙar fata ya shiga ɗakinsu mai tsarki, ko da ya karɓi addinin.

Na ce, "Oho. Ni dama ban ƙwanƙwasa ba."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce ba karatun ne kaɗai ba. Ta yi addu'a har ta gaji, kamar mai kiran waya, layi yana shiga ba a ɗauka. Ina da addinina, alhamdu lillahi, ban kuma ɗauki nasu gaskiya ba ko da rana ɗaya. Amma ban ji daɗi ba. Ganin mutum ya rasa abin da yake jingina da shi ba abin murna ba ne, ko da kai ba ka yarda da abin ba.

Da haka muka ci gaba. Tana zuwa coci, tana dafa abincin kai wa marasa lafiya, tana shan shayina a ɓoye. Da ma a haka aka tsaya, da an bar kaza cikin gashinta. Sai 'yarta, wadda ita kaɗai Allah ya ba ta, ta dawo daga makaranta can yammacin ƙasar da zoben baiko a hannu da saurayi a gefe.

A nan na koyi cewa coci daban, haikali daban. Coci kowa na iya shiga, ni ma na sha tura tsohuwa ciki. Haikali kuwa babban ɗakinsu ne mai tsarki, ɗaya ne a jihar, can kusa da birnin Raleigh, kuma a can masu riƙo da addini suke ɗaura aure. Ba mai wuce ƙofarsa sai da kati. Katin kuma sai ka zauna gaban shugaban cocinku, bishof suke ce masa, ya yi maka tambayoyi: ka yi imani, kana bin manya, kana kiyaye abin da aka hana ci da sha, kana faɗin gaskiya. In ka ce eh, a ba ka. Na Madam ya ƙare, ba ta sabunta ba. In ba ta je ta ce eh ba, za a ɗaura wa 'yarta aure tana waje.

Da ta gaya mini a kicin, idonta ya kumbura, ni kuma don in sauƙaƙa mata na ce, "To, Madam, mene ne a ciki? A garinmu uwa ba ta zuwa ɗaurin aure. Maza ne ke taruwa a masallaci ko ƙofar gida, a yi fatiha, a raba goro. Uwar amarya tana can ƙuryar ɗaki, in 'yar fari ce ma har ɓuya take yi don kunya. Sai ta ji an rangaɗa guɗa ta san an ɗaura."

Ta ce, "Ita kaɗai take zama?"

Na ce, "Ina! Gida cike da mata, ƙawaye da dangi, ba ka samun wurin aje ƙafa."

Ta ce, "To kin gani. Ita an bar ta a gida ne don ita ce uwa. Ni za a bar ni a waje ne don an auna ni an ga ban cika ba. Kuma kowa zai wuce ta gabana ya gani."

Maganar ta zauna mini a ƙirji, don ni ma na san abin da na rufe da wannan surutun nawa. Shekarar da ta gabata aka aurar da tawa 'yar, ta fari, wadda na baro wa mahaifiyata a Maraɗi. Ba takarda, in na fita ba dawowa, dole na zauna. A ɗakin wanki na gidan nan na tsaya da waya a kunne, ƙanwata ta ɗaga tata wayar sama don in ji hayaniyar biki. Na ji an fara guɗa, tawa ta taso mini har maƙogwaro, na tuna tsohuwa tana barci, na haɗiye. Katin wayar ya ƙare, na koma na ci gaba da ninke tawul.

Saboda haka na juya magana. Na ce, "Madam, ki je ki ce eh. Ke ƙofa ɗaya ce tsakaninki da 'yarki, ni teku ne. Da kalma ɗaya za ta kai ni Maraɗi ran nan, wallahi da na faɗe ta, in ya so in yi ta istigfari har in mutu."

Ta ɗauki soso ta shiga goge teburin da na riga na goge.

Rigar amaryar ni na gyara, don ina taɓa ɗinki. A kanti aka sayo ta, ba hannu, ga wuya a buɗe, haikali kuma ba a shiga da irin wannan. Na yi mata hannu har wuyan hannu, na rufe ƙirjin. Nan kam ra'ayinmu ya zo ɗaya da su. Yarinyar tana tsaye kan kujera, ni ina durƙushe da allura a baki, sai ta ce, "Anti, ki yi wa mamana magana. Tana jin taki."

Na zare allurar na ce, "Ke fa? Me ya hana a ɗaura a coci kowa ya gani, daga baya ku je haikalin naku?"

Ta ce in aka yi haka sai sun jira shekara kafin a bar su su shiga, kuma kowa zai ɗauka wani abin kunya suka aikata. Dangin ango ma ba za su yarda ba. Na ce a raina, wannan doka dai wanda ya kafa ta bai taɓa naƙuda ba. Amma da yarinyar ta ci gaba sai na daina gardama. Ta ce su a wurinsu auren haikali ba ya ƙarewa da mutuwa, iyali ake ɗaurewa wuri ɗaya har lahira, iyaye da 'ya'ya. Ba don hoto take kuka ba. Tsoro take ji kada uwarta ta tsaya a waje ranar, ta kuma tsaya a waje har abada. Hawayenta na ɗiga kan rigar, ina ce mata ta matsa kada ta ɓata mini aiki.

Madam ta je wurin bishof. Mutumin kirki ne, likitan haƙori, ba albashi yake karɓa a coci ba, ita ce ma ta yi renon 'ya'yansa suna ƙanana. Da ta dawo ta zauna a mota cikin gareji ta daɗe ba ta fito ba, har na je na ƙwanƙwasa gilashi. Ta ce mutumin ya yi iya yinsa. Har ce mata ya yi ba sai ta sani ba, in tana fata ma ya isa, ta ce eh kawai. Ita kuma ta duba cikinta ba ta sami ko fatan ba, gajiya kawai ta samu.

Na ce, "Shi ke nan kin ce a'a?"

Ta ce, "Sista, cikin tambayoyin akwai ko ina faɗin gaskiya. Su suka koya mini kada in yi ƙarya. Abin da ya rage mini ke nan daga wurinsu."

Wallahi na ji haushinta. Na ce mata taurin kai ne, na ce gaskiyar da za ta sa 'yarki kuka ranar aurenta ki riƙe abarki. Na buga ƙofar motar na koma ciki. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba, ko ita ce da gaskiya ko ni. Abin da na sani shi ne ni ba zan iya abin da ta yi ba, kuma ban sani ba ko yabo ne wannan ko zagi.

Gidan ya zama ba daɗi. Mijinta ba mai faɗa ba ne, shiru ya yi, irin shirun da ya fi faɗa ciwo. Matan coci suka yi ta zuwa da kwanukan abinci kamar an yi rasuwa, kowace ta rungume ta ta ce tana yi mata addu'a. Da zuciya ɗaya suke yi, ban musa ba, amma tausayi ma in ya yi yawa nauyi gare shi. Tsohuwa kuwa, wadda ta rayu a addinin nan tun tana amarya, in 'yarta ta shigo sai ta juya fuska bango. Ni ce a tsakiya, in goge wa wannan baki, in zuba wa waccan shayi, in koma gida ƙafafuna sun kumbura.

Ranar aure ni na tuƙa babbar motar da ke ɗaukar keken tsohuwa, Madam tana gefena, ta ci ado cikin shuɗiyar riga. Haikalin farin gini ne tas, da wani mutum-mutumi mai ruwan zinariya a samansa, ciyawa an aske ta kamar da almakashi. Wurin shiru, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Na tura tsohuwa har bakin ƙofa, inda wani dattijo cikin fararen kaya yake duba kati yana murmushi. Nan iyakata. Wata mata ta zo za ta karɓi keken, sai tsohuwa ta damƙe wuyan hannuna da hannunta mai lafiya. Bakinta a karkace yake, ba kowa ke gane maganarta ba, amma ni na saba.

Ta ce, "Ki zauna da 'yata."

Akwai ɗakin jira da aka tanada wa yara da waɗanda ba su da kati. Madam ta ce ba za ta zauna cikin yara ba. Muka sami wani benci a gefen furanni muka zauna. Mijinta ya zo wucewa, ya dafa kafaɗarta, ya shiga. Dangin ango suka wuce, wasu suka gaishe ta da fara'ar da ta yi yawa, wasu suka yi kamar suna neman wani abu a jaka. Uwar ango ta wuce da katinta a hannu. Aka rufe ƙofa, ya rage daga ni sai ita sai wani mai ban ruwan ciyawa can nesa.

Rana ta fara zafi. Ina zaune ina zagin dokar a zuciyata, sai na tuna mu ma akwai garin da ba ma barin wanda ba Musulmi ba ya shiga, kuma ban taɓa ganin laifin hakan ba. Kowa da ƙofarsa. Sai dai ni ban taɓa ganin an tsayar da uwa a bakin ƙofa 'yarta tana ciki ba, kuma har gobe ba zan ce daidai ne ba.

Madam ta duba agogo ta ce, "Yanzu sun shiga ɗakin." A irin ɗakin aka ɗaura nata auren, ta san komai. Ta ce ƙaramin ɗaki ne, ango da amarya suna durƙusawa suna fuskantar juna, su riƙe hannu. Akwai madubi a wannan bango da wancan, in ka duba sai ka ga kanku kuna ta maimaituwa har inda ido ya gaza. Ta ce ran nata auren ta duba ta ga mahaifiyarta a ciki, a bayanta. Na kama hannunta, sanyi ƙalau cikin wannan rana. Na gaji da ba da shawara.

Can aka fara fitowa. Mutane suka taru a gaban ƙofa, suka ba mu baya. Na ce, "Madam, tashi mu matsa." Ta girgiza kai. Ƙofa ta buɗe, ga ango ga amarya, hannun rigar da na ɗinka ya zauna ɗas. Aka ɗan yi tafi, irin na mutanen da ba sa son damun maƙwabta. Uwar ango ta matso tana gyara wa amarya mayafi. Yarinyar tana murmushi, amma ina ganin idonta yana yawo bisa kawunan mutane, ba ta hango mu ba.

To ni dai a inda na fito ba a ɗaura aure a bar uwa ta ji a bakin iska. Na miƙe, na gyara ɗaurin kallabina, na kama hancina, na rangaɗa guɗa. Ba ƙarama ba, irin ta Maraɗi, wadda ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Mai ban ruwa ya saki tiyo. Dattijon ƙofa ya leƙo a firgice. Turawan nan kaf suka waiwayo, wani yaro ya fashe da kuka. Ban fasa ba, na ja numfashi na ƙara ta biyu, don akwai wadda nake bin kaina tun daga ɗakin wanki.

Amarya ta gan mu. Ta tattare rigarta ta ratso jama'a, ta taka jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta faɗa jikin uwarta. Suna haka mai hoto ya fara kiran dangi, aka ja su aka jera a matakala, Madam kusa da 'yarta. Ina da hoton har yanzu. In ka duba ba za ka gane wanda ya shiga da wanda bai shiga ba.

Da aka watse za a tafi wurin liyafa, na ɗaure keken tsohuwa a bayan mota, ta riga ta fara gyangyaɗi. Na shiga na zauna, bayana yana sara. Madam tana gefena, ta cire takalma, kwalliyarta duk ta dame.

Ta ce, "Sista, abin nan da kika yi, uwar amarya tana yi?"

Na ce, "A'a, yi mata ake yi. Amma nan ba Maraɗi ba ne, wa zai hana ki?"

Ta ɗaga gilashin motar har sama. Ta kama hancinta da yatsu biyu yadda ta ga na yi, ta buɗe baki. Abin da ya fito ba guɗa ba ne, kuka ne, wanda ta riƙe tun ran da ta dawo daga wurin bishof. Na tada mota na ce ta ci gaba, hanya da nisa, ba mai jin mu.